Na sayar da keken ɗinkina saboda alkawarin da aka ce Allah ya yi mini

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni mace ce mai shekara 34, ina zaune a Narayi cikin garin Kaduna, sana'ata ɗinki. Bana shekararmu 9 da aure amma ba mu sami haihuwa ba, sai ɓari da na yi sau biyu a shekarun farko, daga nan ko ɓatan wata ban ƙara yi ba. Shekara 3 da suka wuce wata ƙawata ta kai ni addu'ar dare wurin wani baƙon mai wa'azi da ake kira annabi. Ya fito da ni gaban jama'a, ya ce Allah ya ƙulla alkawari da ni kamar yadda ya yi da Saratu matar Ibrahim, cewa kafin shekara ta kewayo zan yi goyo, muddin na hatimce alkawarin da abin da ya fi mini daraja. Na sayar da keken ɗinkina, na kai masa kuɗin a ambulan. Maigidana bai sani ba har yau, na ce masa ƙanwata ce ta ara. Yanzu a shagon wata nake zama ina biyan kuɗin keke, a gida kuwa na ɗora kwando a inda keken yake don kada in riƙa ganin sawun ƙafafunsa a kan ledar ɗaki. Da na kira mutumin, sai ya ce shakkata ce ta warware alkawarin, sai na sabunta shi da wani baikon, in ba haka ba ƙofar za ta rufe har abada. Uwar mijina kuma ta fara cewa ya nemi wata, ko da auren gargajiya ne. Shi bai tanka mata ba, amma duk sa'ad da na ce mu je asibiti sai ya ce mu jira Allah. Na daina zuwa zumuntar mata, kuma ko na durƙusa addu'a babu abin da ke fitowa daga bakina. Mama, Allah ne ya saɓa alkawari ko ni ce? Idan na ƙi biya na jawo wa kaina la'ana?

'Yarki a Narayi

'Yata, na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma maganar kwandon nan da kika ɗora a gurbin keke ta daɗe ba ta bar zuciyata ba. Zan fara da abin da ya fi hana ki barci. Babu wata la'ana a kanki, kada kuma ki ƙara kai wa mutumin nan ko sisi. Abin da kika ɗaukar wa kanki kin cika shi, har ma kin cika shi da abin da kike ci da shi, saboda haka gargaɗin nan na Littafin Mai Hadishi 5:4-5 game da wanda ya yi wa'adi ya ƙi biya bai shafe ki ba. Sauran tambayar, wato ko Allah ya saɓa, tana bukatar mu zauna mu duba abin da ake nufi da alkawarin Allah, domin mutumin ya ari sunan Saratu ya sayar miki da abin da Saratu ba ta taɓa saya ba.

Ki buɗe Farawa sura 15 ki karanta a natse. Ibrahim yana da shekara 75 lokacin da Allah ya kira shi daga Haran ya yi masa alkawarin zuriya, shekaru suka yi ta tafiya babu ɗa, har ya fito fili ya ce wa Allah ga shi zai mutu baransa Eliyezer mutumin Dimashƙu ya gaje shi. Bai tsaya nan ba, da aka zo kan maganar ƙasa ya tambaya ta yaya zai san cewa zai mallake ta. Allah bai ce shakkarsa ta warware komai ba. Ya sa ya kawo karsana da akuya da rago, kowanne bana uku, da kurciya da ɗan tattabara, ya tsaga dabbobin biyu biyu ya jera su suna fuskantar juna. A al'adar mutanen wancan zamani, masu ƙulla alkawari sukan ratsa tsakanin tsagin naman, ma'ana duk wanda ya saɓa a cikinsu ya zama kamar dabbar nan, kuma Irmiya 34:18 ya ambaci wannan al'ada. To amma da rana ta yi kusan faɗuwa sai barci mai nauyi ya kwashe Ibrahim, da duhu ya yi kuwa sai ga tanderu mai hayaƙi da harshen wuta sun ratsa tsakanin naman. Ibrahim bai taka ko sau ɗaya ba. Allah kaɗai ne ya ratsa, ya ɗora wa kansa nauyin duka, shi ya sa marubucin Ibraniyawa a sura 6 ya ce da yake babu wanda ya fi shi girma da zai rantse da shi, sai ya rantse da kansa. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, to a wannan dare Allah ne ya sunkuya ya ɗauki kayan, mutumin da aka yi wa alkawarin kuwa yana kwance.

Daga nan ki lura da yadda ma'auratan nan suka yi zaman jiransu. Ibrahim ya faɗi rubda ciki ya yi dariya da aka ce masa mace mai shekara 90 za ta haihu. Saratu ta yi tata dariyar a bayan ƙofar alfarwa, da aka tambaye ta kuma ta yi musu saboda tsoro. Duk da haka aka haifi Ishaku Ibrahim yana da shekara 100, wato bayan shekara 25, kuma sunan yaron ma daga dariyar aka samo shi. In da shakka tana warware alkawarin Allah, da ba a haifi Ishaku ba. Bulus ya faɗa wa Timoti a wasiƙarsa ta biyu, 2:13, cewa ko mun yi rashin aminci shi yana nan da amincinsa, domin ba zai yi musun kansa ba. Saboda haka alkawarin da shakkar mace ɗaya mai kuka za ta iya kwancewa, sa'an nan ambulan na biyu ya sake ɗaure shi, daga jin sa kin san ba daga sama ya fito ba.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba game da irin wannan mutum. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce idan annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, annabin ne ya yi izgili, kada kuma a ji tsoronsa. Shi da bakinsa ya yanka wa'adin shekara guda, ga shi ta kewayo sau uku. A zamanin Irmiya an yi wani Hananiya da ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara 2 Allah zai komo da waɗanda aka kwashe zuwa Babila, jama'a kuwa abin da suke son ji ke nan, alhali Allah shekara 70 ya ce. Game da kuɗi kuma, Elisha ya ƙi karɓar komai daga hannun Na'aman bayan ya warke daga kuturta, baransa Gehazi da ya bi shi a ɓoye ya karɓa shi ya kwashi kuturtar, Bitrus kuma ya tsawata wa Siman mai sihiri da ya zaci baiwar Allah abin saye ce. Wani abin da kan ba ni mamaki shi ne, ayar nan da muke yawan jawowa, cewa Allah ba mutum ba ne da zai yi ƙarya, a Littafin Ƙidaya 23:19, daga bakin Bal'amu ta fito, annabin da aka yi hayarsa da kuɗi don ya la'anci Isra'ila ya kāsa. Ko wanda aka biya bai iya juya maganar Allah ba, balle wanda ke barazana don an ƙi biyansa. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma fushin da kike ji a ranki, wanda ban ga laifinki a kansa ba, na bafaden ne da ya yi ƙarya da sunan sarki.

Yanzu ga magana mai ɗaci, wadda na fi so ki ji daga bakina da ki sake jin zaƙin baki a wani wuri. Alkawarin ɗa da aka yi wa Saratu nata ne, domin ta wurin zuriyarta ne za a sa wa al'ummai albarka, kuma babu inda Allah ya ɗaure kansa cewa kowace mace mai bi za ta haihu. Ni ma ba zan ce miki za ki haihu ba, ba kuwa zan ce ba za ki haihu ba. Ina roƙa miki, ke ma ki ci gaba da roƙo kamar Hannatu, wadda Eli firist ya sallame ta da salama ba tare da ya nemi komai a hannunta ba. Amma ki bambanta abin da kike roƙo da abin da aka riga aka ba ki a rubuce. Abin da aka rubuta shi ne sabon alkawarin da Irmiya 31 ya yi annabcinsa, wanda Yesu ya ce an ƙulla da jininsa a daren da ya ɗauki ƙoƙo, wato gafarar zunubi, da zama jama'arsa, da cewa ba zai bar ki ba ba kuwa zai yashe ki ba. Wannan ne kike tunawa duk ranar da aka miƙo miki gurasa da ƙoƙo a Jibin Ubangiji, kuma an riga an biya shi. Luka ya ce Zakariya da Alisabatu masu adalci ne a gaban Allah, marasa abin zargi, a aya ta gaba kuma ya ce ba su da ɗa, don kada wani ya ɗauka rashin haihuwa hukunci ne. Ishaya 56 ya yi magana da waɗanda ba za su taɓa haihuwa ba, ya hana su kiran kansu busasshen itace, ya ce Allah zai ba su suna a cikin gidansa wanda ya fi na 'ya'ya mata da maza. Ibraniyawa 11 kuwa ta ƙare da cewa mutanen nan da aka yaba wa bangaskiyarsu sun mutu ba su karɓi cikar abin da aka alkawarta ba, ba a kuma kira Allah maƙaryaci saboda haka ba.

Kin ce addu'a ta ƙi fitowa. Ina zaton dalilin shi ne abin da ke cikinki ƙorafi ne, an kuwa koya mana cewa ba a yi wa Allah ƙorafi. Ki karanta Zabura 89 har ƙarshe. Mai zaburar ya yi ayoyi 37 yana yabon alkawarin da Allah ya yi wa Dawuda, sa'an nan daga aya 38 ya juya yana cewa ka yashe, ka ƙi, ka jefar da rawaninsa a ƙasa, har ya tambaya ina ƙaunarka ta dā wadda ka rantse. Ba a cire wannan daga Littafin ba. Ayar nan da muke rerawa cewa jinƙansa sabo ne kowace safiya, amincinsa kuma mai girma ne, tana tsakiyar Littafin Makoki ne, wanda aka rubuta a kan kangon Urushalima bayan Babilawa sun ƙone ta. Idan kin durƙusa bakinki ya yi nauyi, ki buɗe Zabura 13, ayoyi 6 ce kacal, ki karanta ta da murya a matsayin addu'arki. Ki yi haka safe da dare har ranar da naki kalmomin za su dawo.

Sai maganar maigidanki, wadda a ganina ta fi sauran gaggawa. Akwai alkawarin da ke da bakinki kika ɗauka a gaban bagade da shaidu, Malachi 2:14 ma ya kira aure alkawari wanda Allah ne shaidarsa, kuma shekara 3 ke nan kina ɗauke da ƙarya a cikinsa. Na san tsoro ne da kunya suka sa, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da zai haɗu da ƙanwarki ya tambaye ta keke abin zai fi haka muni. Ki zaɓi daren da ya ci ya huta, babu baƙo a gidan, ki ce kina da laifin da za ki faɗa masa, sa'an nan ki faɗa duka daga zuwa addu'ar daren har barazanar da ake yi miki yanzu, ba tare da kin ɗora wa ƙawarki ko mahaifiyarsa ba. Zai iya yin fushi, yana da hakki, ki ba shi kwana biyu. Idan kin san shi mai zafin hannu ne, kada ki yi ke kaɗai, ki nemi faston ikilisiyarku da matarsa, ko waɗanda suka tsaya muku a aure, su zauna tare da ku. Kada ki haɗa maganar asibiti da wannan zaman, ki bar ta sai ƙura ta lafa.

Ina kuma so ki dube shi da idon tausayi. Mutumin da mahaifiyarsa ke matsa masa ya nemi wata amma bai tanka ba, yana tsaye a gefenki ne ta hanyar da ya iya, ko da yake shirun nasa bai isa ba. Cewa "mu jira Allah" kuwa, a bakin maza da yawa da na zauna da su, ma'anarta ita ce ina tsoron kada a ce daga gare ni ne. Ki tuna masa da Ishaku, wanda ya yi aure yana da shekara 40 bai ga tagwayensa ba sai yana da 60, kuma Farawa 25:21 ta ce shi ne ya roƙi Ubangiji saboda matarsa, bai bar mata kayan ita kaɗai ba. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne, wanda ya rubuta Bisharar Luka ma likita ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya kan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, likitoci kuma suna ba da shawarar a fara bincike idan an shekara guda ana tare babu ciki. Sau da yawa matsalar takan kasance daga wajen namiji, ko daga su biyun, shi ya sa ake duba ma'aurata tare. Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi, na maniyyi ne, bayan ya ƙaurace wa kwanciya na 'yan kwanaki. Ke kuma za a ɗauki hoton mahaifa a ga ko akwai ƙari, a duba ko hanyoyin da ƙwai ke bi sun toshe, wanda yakan faru bayan ciwon sanyi ko ɓarin da ba a kula da shi sosai ba, a kuma auna jini. Ki faɗa wa likita maganar ɓarin nan biyu dalla-dalla, da watannin da cikin ya kai da abin da aka yi miki bayansa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai likitocin mata a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a nan cikin gari, akwai kuma na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika idan aka tura ku. Shekarunki 34, kuma damar ɗaukar ciki takan fara raguwa sosai bayan 35, saboda haka kada a kai wata shekarar ana jinkiri.

Uwar mijinki ba maƙiyiyarki ba ce, tsohuwa ce mai son ganin jika, wadda wataƙila ita ma ana yi mata gori a ƙauye. Amma shawarar da take bayarwa an taɓa gwada ta a gidan Ibrahim, inda gajiya da jira ta kawo Hajaratu baiwar Saratu cikin ɗaki Ibrahim yana da shekara 85, kuma wadda ta fi shan wuya ita ce Hajaratun da ɗanta da suka ƙare a jeji da salkar ruwa. Ba ke ce za ki faɗa mata wannan ba. Aikin ɗanta ne ya je ya durƙusa ya ce mata ya ji damuwarta, suna neman magani, amma maganar wata mace a bar ta. Naki shi ne gaisuwa da ladabi kamar yadda kika saba, in ta taso da zancen ki ce ta sa ku a addu'a.

Mai wa'azin kuwa, ki toshe lambarsa. Ki gaya wa fastonku da dattawa abin da ya faru, domin ba ke kaɗai ce kika kai ambulan a daren nan ba, kuma bai kamata a ƙara ba shi bagade ba. Kada ki sa rai kuɗin za su dawo. Ki yi hattara kuma da masu cewa za su ba ki maganin da zai kumbura ciki su hana ki zuwa hoto, ko masu cewa za su samo miki jariri a asirce, domin wannan hanya cinikin 'ya'yan mutane ce kuma tana kai wa kurkuku. In wata rana ku biyu kuka ga zuciyarku ta karkata ga renon yaro, riƙon ɗan dangi abu ne da muka gāda, ɗaukar maraya kuma yana da hanyarsa ta hukumar jin daɗin jama'a ta jiha da kotu. Ba yau za a yanke wannan ba, ina so dai ki san ƙofar tana nan.

Zumuntar mata ki koma, ko da a benci na baya za ki zauna. Na san abin da ke korar ki, ranar miƙa jariri ce, sa'ad da ake buga tulu ana rangaɗa guɗa, wataƙila ma rigar da ke jikin jaririn ke kika ɗinka ta. Ba dole ne ki halarci kowace irin wannan ba, amma ki nemi mace ɗaya babba a cikinsu mai riƙe sirri ki faɗa mata halin da kike ciki. A ikilisiyar da na yi shekaru a Kakuri akwai wata dattijuwa da ba ta taɓa haihuwa ba, ita ce ke zama kusa da ƙofa da ledar alewa a jakarta, kuma duk yarinyar da aure ya yi wa zafi ɗakinta take fara zuwa kafin ta je gidan iyayenta. Irinta nake so ki nema.

Na ambaci Hananiya ɗazu. Bayan ƙaryarsa ta shekara 2, Irmiya ya aika wa mutanen da ke Babila wasiƙa, ita ce sura 29 da muke ɗauko aya 11 daga cikinta muna liƙawa a bayan mota. Kafin a kai ga wannan aya, abin da Allah ya ce musu shi ne su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su daina sauraron masu yi musu mafarkin ƙarya. Ke gonarki keken ɗinki ce. Bayan kin yi magana da maigidanki, ku zauna ku lissafa abin da kike biya a shagon mutane kowane mako, ki shiga adashi da matan zumunta ki roƙi a ba ki ɗauka da wuri, ki nemi keke mai ƙafa mai kyau, ko da wanda aka taɓa amfani da shi ne, tun kafin ɗinkin Kirsimeti ya kankama. Ranar da aka kawo shi ki ɗauke kwandon nan, ki mayar da keken daidai kan sawunsa na dā. Ki sake rubuto mini bayan kun je asibiti, ina so in ji abin da likita ya ce da yadda maigidanki ya karɓi maganar.